Anthony Trollope: Ma'aikacin gidan waya mai littattafai 47

An haifi Anthony Trollope a birnin London a 1815. Ya tashi cikin ƙunci, a makaranta kuma ɗalibai suka maishe shi abin ba'a.

Sai da aka tura shi aikin gidan waya a Ireland a 1841, sannan ya soma rubuta ƙagaggun labarai. Littattafansa uku na farko ba su yi kasuwa ba, amma bai karaya ba, har The Warden ya fito a 1855.

Yakan zauna rubutu da ƙarfe biyar da rabi na asuba, ga agogo a gabansa, ya ɗora wa kansa kalmomi 250 kowane minti 15. Har ƙarin fam biyar yake ba wani tsohon baransa duk shekara, don ya tashe shi da kofi.

Ya rasu a 1882. Tarihin rayuwarsa da ya fito a 1883 ya bayyana wannan tsari, har ya kwatanta marubuci da baduku, lamarin da ya rage masa ƙima a idon masu sharhi na tsawon shekaru.