Marc Chagall: Ɗan mai dakon kifi da ya shekara 35 yana zana matarsa

Mai karatu, idan ka taso daga nan Woodbridge ka shiga birnin Washington, a lambun gidan adana zane-zane na ƙasa da ke kusa da majalisar dokokin Amurka akwai wani bango da aka ƙawata da ƙananan duwatsu da gilasai masu launi. A gefe guda ga cincirindon baƙin haure a bakin teku suna jiran tsallakawa, a ɗaya gefen kuma ga saurayi da budurwa a cikin ganyayyaki. Ranar da na raka yaran unguwarmu wurin, baƙin hauren suka tsaya kallo, domin duk wanda iyayensa suka tsallako teku ya san wannan jira. Ni kuwa masoyan nan biyu ne suka sa na je neman tarihin Marc Chagall, wanda ya tsara aikin a 1969.

An haife shi a 1887 a yankin Vitebsk, a ƙasar Belarus ta yau, lokacin tana ƙarƙashin sarkin Rasha. Shi ne babba cikin 'ya'ya tara na wani Bayahude talaka mai dakon gangunan kifi, mahaifiyarsa kuma tana ɗan kasa kayan masarufi. Mutanen gidansu masu riƙo da addini ne, ba sa son a zana surar mutum, amma duk da haka uwar ce ta kama hannunsa ta kai shi wajen wani malamin zane mai suna Yehuda Pen. Daga nan ya wuce Saint Petersburg, birnin da Bayahude ba ya zama sai da takardar izini.

A 1909 ya haɗu da Bella Rosenfeld a gidan wata ƙawarta. Ita 'yar masu hali ce, iyayenta na da shagunan zinariya da agoguna, tana kuma karatu mai zurfi a Mosko. Iyayen ba su yi na'am ba, don a ganinsu ƙwarya ya kamata ta bi ƙwarya, kuma wa zai ba mai wasa da fenti 'yarsa? A shekarar nan ya fara zana ta sanye da farar riga da baƙar safar hannu. Sai ya tafi Paris neman sa'a, ita kuma ta zauna jira. Ya dawo a 1914 da niyyar yin wata uku kacal, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka rufe iyakoki. Abin da ya hana shi komawa shi ya ba shi mata: an ɗaura aure ranar 25 ga Yulin 1915, aka haifi 'yarsu Ida a 1916.

To, a nan ne fa zanensa ya canza. Makonni kaɗan kafin biki, Bella ta kawo masa furanni ranar zagayowar haihuwarsa, ta rataya gyalenta masu ado a bangon ɗan ɗakin da yake haya. Ya zana wannan rana, amma ba yadda mai ɗaukar hoto zai yi ba. Ita tana riƙe da furanni, ƙafarta da kyar ke taɓa jan daɓen ɗakin, shi kuwa ya tashi sama gaba ɗaya, ya lanƙwasa wuya ta baya kamar ba ƙashi a jikinsa domin ya kai ga fuskarta. Zanen yana New York yanzu. A wani kuma su biyu ne ke shawagi a kan rufin gidajen katako na Vitebsk, a wani yana tsaye a ƙasa riƙe da hannunta, ita tana kaɗawa a sama tamkar tuta. Wani zai ce shirme ne, mutum ba ya tashi. Amma a tuna, Bayahuden wancan zamani doka ce ke iyakance masa inda zai zauna, ga yaƙi, ga yunwa. Sama ce kaɗai ba a kafa wa shinge ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne Bella ba fuska ce kawai ta zane ba. Ba ya ɗaukar aiki ya kammala sai ta duba ta yarda. Ita ta fassara littafin tarihin rayuwarsa daga Rashanci zuwa Faransanci, aka buga a 1931. Ta bi shi cikin wahalar Mosko bayan ya rasa makarantar zanen da ya kafa a garinsu saboda saɓani da Kazimir Malevich, ta bi shi Berlin, suka zauna Paris daga 1923. Da 'yan Nazi suka saka ayyukansa cikin baje kolin wulaƙanci a Munich a 1937, sannan suka mamaye Faransa, wani Ba'amurke mai suna Varian Fry ya taimaka suka tsere, suka sauka New York a Yunin 1941. Chagall bai taɓa iya Turanci sosai ba. Da Bella yake magana da yaren Yidish na gida, ita ce kuma ta san kowane lungu na garin da yake ta zanawa, garin da Jamusawa suka karkashe Yahudawansa a wannan shekara. Mu da muke baƙunta mun san darajar mutum ɗaya da ba sai ka yi masa bayanin gida ba.

A ƙarshen Agustan 1944 aka kori Jamusawa daga Paris, suka fara shirin komawa. Sai ciwon maƙogwaro ya kama Bella a wani ƙauye da ke arewacin jihar New York, lokacin da maganin fenisilin ke wuyar samu domin sojoji aka fi tanadar wa. Ta rasu ranar 2 ga Satumba. Ya juya zane-zanensa suka fuskanci bango, ya yi watanni bai taɓa burushi ba. Da ya dawo aiki a 1945, wani tsohon babban zanensa ya yanka gida biyu: rabi ya mai da shi rakiyar amarya, ɗaya rabin kuma Bella ce a zaune cikin jimami kusa da Vitebsk da aka kewaye cikin ƙwallon haske, shi kuma a gefe kansa a kife. A shekarar ne aka buga littafin da ta rubuta kan ƙuruciyarta, da zanensa a ciki.

Ba zan ɓoye ba, bai daɗe shi kaɗai ba. Ya zauna da Virginia Haggard har suka sami ɗa a 1946, sannan ya auri Valentina Brodsky a 1952, bayan ya koma Faransa. Masu zarginsa a kan haka suna da abin faɗa. Sai dai amaryar nan mai farin mayafi ba ta bar zanensa ba har tsufa, a shekarun da ya ƙawata rufin babban gidan waƙa na Paris da tagar gilashi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, duka a 1964.

A 1973 ya kai ziyara Mosko bayan fiye da shekara 50, amma bai yarda ya leƙa Vitebsk ba. Ya rasu ranar 28 ga Maris 1985 yana da shekara 97, aka binne shi a Saint-Paul-de-Vence da ke kudancin Faransa. Kabarin Bella yana jihar New York.