Andy Warhol: Mutumin da ya kafa wa gini kyamara dare guda

A wani dare na watan Yulin 1964, wasu mutane ƙalilan suka hau bene na 41 na ginin Time-Life a birnin New York, suka saita kyamara ta fuskanci dogon ginin Empire State, suka bar ta tana aiki. Jagoransu shi ne Andy Warhol, mai shekara 35.

An haife shi a Pittsburgh ranar 6 ga Agustan 1928, ɗan talakawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka daga yankin da yanzu yake cikin Slovakia. Ya isa New York a 1949 yana zanen tallace-tallace, kuma zanen gwangwanayen miyar Campbell's ya fito da sunansa a 1962.

Da ya sayi kyamara a 1963, sai ya nufe ta da abin da kowa ke ganin bai isa a ɗauka ba. A fim ɗin Sleep, abokinsa John Giorno ne yake barci fiye da sa'a biyar. Empire ya zarce nan: ba labari, ba sauti, ba ɗan wasa. Duhu yana sauka, fitilun ginin suna kamawa, daga baya a kashe su. Sa'a shida da rabi aka yi ana ɗauka, amma Warhol ya rage gudun na'urar haskawa daga hoto 24 a daƙiƙa zuwa 16, fim ɗin ya koma sa'a takwas da minti biyar. Wato da gangan ya jinkirta lokaci, domin jiran da mai kallo zai yi shi ne ainihin aikin.

Akwai abin da sunan Warhol ya danne. Shawarar ta John Palmer ce, Jonas Mekas kuwa shi ya riƙe kyamarar. Haka al'adar ɗakin aikinsa, Factory, take: hannaye da yawa, suna ɗaya.

A Disambar 1967 ya nuna wani fim mai sa'a 25, sau ɗaya tak. Watanni shida bayan haka Valerie Solanas ta harbe shi. Ya tsira da ƙyar, ya ja baya daga ɗaukar fim da kansa, a farkon shekarun 1970 kuma ya janye finafinan nan daga idon jama'a.

Ya rasu ranar 22 ga Fabrairun 1987, bayan tiyatar matsarmama. A 2004 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanya Empire cikin finafinan da ƙasar za ta adana.