Ernst Heller: Likitan da ya buɗe wa masu ciwon kasa haɗiya hanya

Akwai ciwon da ke sa mutum ya ga abinci a gabansa, yana jin yunwa, amma loma ta ƙi sauka. Likitoci na kiran sa akalasiya. Tsokar da ke bakin tumbi, a ƙarshen bututun da ke kai abinci ciki, ita ce ke ƙin saki, sai abinci ya taru a ƙirji, ya riƙa dawowa baki, mutum ya yi ta ramewa.

Tun a 1674 likitan Ingila Thomas Willis ya bayyana yadda ya bai wa wani majinyaci ƙashin wata ƙatuwar dabbar teku da soso a bakinsa, yana tura abinci da shi. Sama da shekara 200 bayan haka, dabarar faɗaɗa wurin da ƙarfi ce dai aka fi dogaro da ita.

An haifi Ernst Heller a Jamus a 1877. Yana aiki a ƙarƙashin fitaccen likitan tiyata Erwin Payr a birnin Laifzig ne lokacin da ya yi aikin da ya ɗaukaka sunansa, a watan Afrilun 1913, kan wani mutum mai shekara 49 da ya daɗe yana fama da haɗiya.

Abin da ya yi mai sauƙin faɗa ne, amma yana buƙatar hannu mai natsuwa. Ya shiga ta ciki, ya tsaga tsokar bututun a tsaye, gaba da baya, ya bar siririyar fatar da ke lulluɓe da cikinsa ba tare da ya huda ta ba. Amfanin haka shi ne ba a buɗe hanyar abincin ba, balle ƙazanta ta zubo cikin jiki, abin da ke kisa a zamanin da babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Sai dai, kamar yadda aka saba, na gida ba su yi saurin karɓa ba. Likitocin Jamus da dama sun fi son hanyar Heyrovsky, wadda ake yanka bututun a ɗinke shi da tumbi. Haɗiya kan samu, amma ruwan ciki mai tsami kan hauro ya ƙona bututun. Sai a 1949 likitocin Birtaniya Barrett da Franklin suka fito da wannan illa fili. Kafin nan, a 1923, Zaaijer na ƙasar Holan ya yaɗa yin tsaga ɗaya kawai ta gaba, wadda ita ake yi har yau.

Heller ya shugabanci sashen tiyata na asibitin St. Georg a Laifzig tsawon shekaru, ya rasu a birnin a 1964.

Bai ga 1991 ba, lokacin da likitoci a Dandi ta Sikotland suka yi aikinsa ta ƙananan huji a ciki da kyamara. A wannan hanya akan naɗe wani ɓangare na tumbi a bakin bututun don rage ƙwannafi. A 2008 kuma Haruhiro Inoue na Japan ya yanke tsokar ta baki, ba tare da tsaga fata ko ɗaya ba. Bincike ya nuna hanyoyin biyu kusan kunnen doki suke wajen dawo da haɗiya, sai dai waɗanda aka yi wa ta baki sun fi fama da ƙwannafi daga baya, har wasu su daɗe suna shan maganinsa.