Rudolf Diesel: Injiniyan da ya yaƙi ɓarnar mai, ya mutu da bashi

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Zariya, daura da Gyaɗi-Gyaɗi a birnin Kano, zai ga tireloli da tankoki suna wucewa dare da rana, kuma kusan dukkansu da man dizal suke aiki, wanda direbobi suka fi sani da gas. Haka ma manyan janaretocin asibitoci da masana'antu, da wasu motocin a-kori-kura masu keta sahara daga Agadas.

Man da injin duka sun samo suna ne daga wani injiniya Bajamushe, Rudolf Diesel.

An haife shi a birnin Paris ranar 18 ga watan Maris na 1858. Iyayensa 'yan ci-rani ne daga yankin Bavaria, kuma mahaifinsa sana'ar dukanci yake yi. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa a 1870 sai iyalin suka gudu zuwa London, daga can aka tura yaron wajen danginsa a garin Augsburg yana ɗan shekara 12.

Ya yi karatun injiniya a Munich a hannun Carl von Linde, masanin na'urorin sanyaya abubuwa, ya kammala a 1880 da sakamako mafi daraja, sannan ya kama aiki a masana'antar ƙanƙara ta malamin nasa a Paris.

Abin da ya tsaya masa a rai tun yana ɗalibi shi ne asarar da injin tururi ke yi. Kimanin kashi 10 cikin ɗari kacal na zafin gawayin da aka ƙona ke zama aiki, sauran ya bi iska. Ga tsada ga girma, sai manyan attajirai ke iya mallakarsa. Burin Diesel shi ne inji mai tsimi wanda maƙeri ko kafinta zai iya kafawa a shagonsa.

Dabarar matse iska

A injin fetur ana gauraya mai da iska, sai fulogi ya ba da tartsatsin wuta. Shi kuwa Diesel iska zalla ya sa ake matsewa a cikin silinda, matsi mai tsananin gaske, har ta ɗauki zafin da ana fesa mai sai ya kama da kansa.

A wannan matsi ne sirrin yake. Shi ke sa a tatso ƙarfi mai yawa daga kowace lita, kuma shi ke tilasta a ƙera injin da ƙarfe mai kauri. Sannan ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, don haka ba ya saurin cinyewa. Dalilin ke nan da a-kori-kura mai amfani da dizal kan yi tafiya mai nisa da tanki guda, ta kuma daɗe ba a sauke injinta ba.

Ya samu takardar mallakar fasaharsa a watan Fabrairun 1893. Masana'antar injuna ta Augsburg, wadda daga baya ta zama MAN, ta ba shi wurin aiki, kamfanin Krupp ya sa kuɗi.

Al'amarin bai zo da sauƙi ba. A gwajin farko a watan Agustan wannan shekara, na'urar auna matsi ta tarwatse. Lissafin da ya wallafa tun farko ma bai yi aiki yadda ya tsara ba, sai da ya sauya shi, abin da abokan adawarsa suka yi ta yi masa gori a kai har ƙarshen rayuwarsa.

Sai a ranar 17 ga watan Fabrairun 1897 aka yi gwajin da ya tabbatar cewa injin yana mayar da kashi 26 cikin ɗari na makamashinsa zuwa aiki, fiye da ninki biyu na injin tururi.

Nan da nan kamfanoni suka yi rububin sayen lasisi, ciki har da attajirin Amurka Adolphus Busch, kuma Diesel ya kuɗance.

To amma an yi gaggawar kai injin kasuwa. Tsimin mai ya samu, ƙarko bai samu ba tukuna: injunan farko sun yi ta lalacewa a hannun masu saye, wasu aka mayar da su. Damuwa ta kwantar da shi, ya kuma zuba dukiyarsa a harkokin filaye da hannayen jari da ba su haifar masa da ɗa mai ido ba.

Man gyaɗa

Akwai wani ɓangare na tarihinsa da ya kamata ya ja hankalin Kanawa. A baje-kolin duniya na Paris a 1900 an nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa, bisa buƙatar gwamnatin Faransa, wadda ke tunanin ƙasashen Afirka da ta yi wa mulkin mallaka za su iya noma makamashinsu da kansu. Diesel ya yi ta tallata wannan ra'ayi a laccocinsa na 1912, shekarar da Kano ta fara fitar da gyaɗa da yawa ta jirgin ƙasa. Arahar ɗanyen mai ce ta binne maganar tsawon shekaru.

A daren 29 ga watan Satumban 1913 ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam zuwa Ingila, domin halartar wani taron kamfani a London. Ya ci abincin dare, ya nufi ɗakinsa. Da gari ya waye ba a gan shi ba, gadonsa kuma ba a kwanta a kai ba.

Bayan kimanin kwana goma wasu matuƙa jirgin ruwa 'yan Holan suka ga gawa a teku, suka cire 'yan kayan da ke jikinta, ɗansa Eugen ya shaida cewa na mahaifinsa ne. Yawancin marubuta tarihinsa na ganin shi ya jefa kansa a ruwa saboda bashi ya yi masa katutu, ko da yake an yi ta raɗe-raɗin kisa ba tare da wata hujja ba. Shekarunsa 55.

Bai ga injinsa yana jigilar kaya a kan titi ba. A zamaninsa da iska mai matsi ake hura man cikin silinda, kuma na'urar yin hakan ta yi wa mota nauyi. Sai a 1923 da 1924 kamfanonin Benz da MAN suka fito da motocin ɗaukar kaya masu dizal, a 1927 kuma kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai da yawa, wanda ya buɗe ƙofa ga ƙananan motoci. Toyota Hilux, da aka fara ƙerawa a 1968, ta samu injin dizal a 1979.

Har yau wajen fesa man nan ne lagon injin. Gurɓataccen mai, ko wanda ruwa ya shiga, kan kashe famfo da nozul tun jikin injin yana garau, kuma injunan zamani masu kwamfuta sun fi na da rashin haƙuri da shi.