Ibnul Haisam, malamin da ya bayyana yadda ido ke gani

An haifi Hasan Ibnul Haisam a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 965. Ya ƙware a lissafi har labarinsa ya kai Misira, wurin Halifa Alhakim. Masana tarihi sun ruwaito cewa ya yi alkawarin shawo kan ambaliyar kogin Nilu. Halifa ya aika aka zo da shi, ya ba shi ma'aikata, aka nufi kudu. Da ya isa wajen Asuwan ya duba faɗin ruwan da ƙarfinsa, sai ya gane aikin ya fi ƙarfin kayan zamaninsa. Ya komo ya faɗi gaskiya. Amma Alhakim sarki ne mai saurin zubar da jini. Don tsira da ransa, malamin ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har shekara ta 1021, lokacin da Halifa ya ɓace.

A cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta babban littafinsa, Kitabul Manaziri, mai juzu'i 7. Manyan malaman Yunan, irin su Uƙlidis da Baɗlimus, sun koyar cewa haske daga ido yake fita ya taɓa abin da ake kallo. Shi kuwa ya tabbatar da cewa daga abin ne haske ke tasowa ya shiga ido. Hujjarsa gwaji ce. Ya jera fitilu a gaban wata ƴar kafa, haskensu ya ratsa ta zuwa wuri mai duhu, kowace fitila ta yi nata tabo a bango. Idan ya rufe ɗaya, tabonta kaɗai ke ɓacewa. Ashe haske a miƙe yake tafiya, kuma ba ya cakuɗuwa a cikin kafar.

Bayan an sake shi ya zauna kusa da masallacin Azhar yana kwafar littattafan lissafi don samun abin masarufi. Ya rasu a Alƙahira wajen 1040. An fassara littafinsa zuwa Latin, aka buga shi a birnin Basel a 1572, masanan Turai irin su Kepler suka ci gajiyarsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tuna da shi a 2015, Shekarar Haske.

A ƙarni na 20 masana'antun Turai sun riƙa sayar wa yara akwatunan gilasai don su harhaɗa na'urorin hangen nesa. Yaro a Ɗan Isa ba ya buƙatar wannan kafin ya fara. Ya sami gwangwanin madara, ya huda gindinsa da allura, ya rufe bakinsa da siririyar takarda mai mai, ya lulluɓe kansa da baƙin zane, ya juya hudar wajen bishiya da rana tsaka. Zai ga bishiyar a kan takarda, kanta a ƙasa. Iyaye da malamai su taya shi, sa'an nan su tambaye shi dalili.