ABEBE BIKILA, ƊAN MAKIYAYIN DA YA YI TSERE BA TAKALMI

A wannan wata za mu ba ku labarin wani mutumin Habasha, sunansa Abebe Bikila. Ɗan makiyayi ne, soja kuma, wanda ya yi suna ko'ina cikin duniya saboda gudu. Mun zaɓi labarinsa domin samarinmu na ƙasar Bichi da Dambatta da Kunchi, waɗanda a kan gani da asuba suna gudu a bakin hanya ko cikin burtali tsakanin gonaki, waɗansu don wasannin makaranta, waɗansu kuwa don shirin shiga soja. Dukansu sun san yadda a ke fara gudu. Amma ba duka suka san abin da ya kamata mai gudu ya yi sa'ad da jikinsa ya sami rauni ba. Abebe ya gamu da ciwo iri iri, kowanne kuwa da yadda suka ƙare.

Ƙuruciyarsa

An haife shi ran 7 ga watan Agusta 1932 a wani ƙauye mai suna Jato, cikin lardin Shewa. Yana ƙaramin yaro sojan Italiya suka faɗa wa Habasha cikin 1935, iyalinsa suka yi gudun hijira, daga baya suka komo gida. Ya tashi cikin kiwo da noma, ba takalmi, kamar yaran karkara a ko'ina. Wasan da ya fi so shi ne gena, wani irin ƙwallon gora da Habashawa su kan yi a kwanakin Kirsimati, a fili mai tsawon gaske, mutum ya yi ta gudu har ya gaji.

Ƙasarsu kan duwatsu ta ke. Adis Ababa, babban birninsu, ya kai wajen ƙafa 8,000 bisa teku, Kano kuwa ba ta kai ƙafa 2,000 ba. A can sama iska ba ta da kauri, saboda haka jikin wanda ya zauna wurin ya kan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi. Wannan ya taimake shi ƙwarai. Amma mutane miliyoyi suna zaune kan waɗannan duwatsu, ba duka suka zama Abebe ba. Sauran aikin horo ne.

Wajen 1952 ya shiga rundunar sojan da ke tsaron Sarki Haile Selassie. Kowace rana ya kan yi gudu tsakanin tuddan Sululta da birni. Gwamnati ta ɗauko wani Bature daga Swidin, Onni Niskanen, domin ya koya wa sojan nan wasannin motsa jiki. Shi ne ya lura da Abebe, ya shiga horonsa: yau doguwar tafiya da gudu kan tuddai, gobe gajeren gudu mai sauri a maimaita shi sau da yawa, da hutawa a tsakani. Cikin 1956 Abebe ya zo na biyu a tseren sojoji, bayan Wami Biratu. Sai da ya ƙara shekara huɗu yana wannan aiki kafin duniya ta ji sunansa. Ba a biyan masu tseren Olimpik kuɗi a zamanin nan. Da albashin soja ya ke ci.

Tseren Roma

Tseren da a ke kira Maraton tsawonsa mil 26 ne da yadi 385, wato kilomita 42 da 'yan kai, kusan kamar mutum ya tashi daga Kano da gudu ya nufi Bichi. Ran 10 ga Satumba 1960, sauran mako uku Nijeriya ta sami mulkin kai, aka yi wannan tsere a wasannin Olimpik na birnin Roma. Da Abebe ya isa can ya gwada sabbin takalma, amma ba su zauna masa daidai ba, ƙafa ta yi bororo. Sai ya ajiye su, ya shiga tsere da ƙafarsa kawai.

An tashi da la'asar saboda zafi, dare ya yi musu a hanya. Sojoji suka jeru da jiniya a hannu a kan tsohuwar hanyar dutse ta Romawa, wadda a ke kira Appia. Can wajen ƙarshe sauran mutum biyu a gaba, Abebe da Rhadi ben Abdesselam na Maroko. Hanyar ta bi ta gindin wani dogon ginshiƙin dutse na Aksum, wanda Italiyawa suka kwaso daga Habasha cikin 1937, ba su mayar ba sai 2005. Kusa da ƙarshe Abebe ya ƙara mai, ya bar abokin tserensa. Ya gama cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16, ya riga Rhadi da sakan 25. Ba wanda ya taɓa yin Maraton da sauri haka kafinsa. Shi ne baƙar fatar Afirka na fari da ya ci lambar zinariya a Olimpik, a babban birnin mutanen da suka kori iyalinsa daga gida yana yaro. Da ya koma, Sarki ya ba shi kofur.

Kada samari su ji wannan su ce takalmi banza ne. Tafin ƙafar Abebe ya yi kanta tun yana kiwo, bayan shekara huɗu kuwa da takalmi ya yi tsere, ya ma fi sauri. Abin lura shi ne, bai yarda ya shiga doguwar hanya da takalmin da ƙafarsa ba ta saba da shi ba.

Wuƙar likita

Cikin 1964, sauran kwana 40 a yi tseren Olimpik na Tokyo a ƙasar Japan, ciwon ciki ya kama shi yana cikin horo. Aka kai shi asibiti, likitoci suka tarar ɗan reshen hanjin nan da a ke kira afendis ya kumbura. Ran 16 ga Satumba aka yi masa aiki aka cire. Mutane da yawa suka fid da zuciya ga zuwansa. Amma bai ɓoye ciwon ba, bai kuwa tsaya jiƙe-jiƙe ba har abin ya fashe a ciki. An yanke shi da wuri, miki ya warke, horon shekara da shekaru kuwa yana nan cikin ƙafafunsa da huhunsa.

Ran 21 ga Oktoba, mako biyar cif bayan aikin, ya tsaya a layi. Tun kafin a kai rabin hanya ya shige gaba, ya shiga filin wasa shi kaɗai. Ya gama cikin awa 2 da minti 12 da sakan 11, ya sake kafa sabon lokaci na duniya. Sai da aka yi fiye da minti huɗu kafin na biyu, Basil Heatley na Ingila, ya iso. Abebe kuwa ya koma kan ciyawa yana miƙe-miƙen gaɓoɓi a gaban jama'a, kamar wanda bai yi kome ba. Kafinsa ba wanda ya taɓa cin Maraton na Olimpik sau biyu. Aka ba shi laftanan, da gida, da mota Volkswagen.

Ƙashin da ya tsage

Amma jiki ba ƙarfe ba ne. Cikin 1967 jijiyar bayan cinyarsa ta sami rauni a wani tsere a ƙasar Sifen, bai iya gamawa ba. Tun daga nan ƙafafun ba su koma kamar dā ba. Cikin 1968 ya tafi Olimpik na birnin Mekziko yana da shekara 36. Sauran kamar mako guda a yi tsere, likitoci suka tarar siririn ƙashin da ke gefen ƙwaurinsa ya tsage, suka ce ya hutar da ƙafar. Duk da haka ran 20 ga Oktoba ya shiga. Ya yi wajen mil 10, zafi ya ci ƙarfinsa, ya fita daga hanya. Abokinsa Mamo Wolde ya ci tseren, zinariya ta koma Habasha karo na uku a jere.

Ku dubi bambancin Tokyo da Mekziko. Mutum ɗaya ne, zuciya ɗaya. A Tokyo mikin a ciki ya ke, an ɗinke, ya kuwa warke kafin ranar. A Mekziko raunin yana cikin ƙashin da ke shan girgiza a kowane taku, mai Maraton kuwa ya kan taka ƙasa sau dubbai. Ƙashi ba ya jin lallashi, ba ya kuwa jin jaruntaka. Makonni ya ke bukata na hutawa kafin ya haɗe. Abin da ya gagari Abebe Bikila, ba zai yiwu ga ɗan makaranta ba.

Keken guragu

Wata biyar bayan wannan, cikin Maris 1969, yana tuƙa motarsa da dare, ta kife da shi. Ya kwana a ciki, sai da safe aka fid da shi. Ƙashin wuyansa ya goce, lakarsa ta taɓu. Da fari jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, inda ya yi wata takwas. Sannu sannu hannuwansa suka dawo, amma ƙafafun nan da suka ratsa Roma ba su ƙara takawa ba.

A wannan asibiti wani likita, Ludwig Guttmann, ya daɗe yana koyar da cewa wasa magani ne ga wanda lakarsa ta lalace. Tun 1948 ya fara shirya wa majinyatansa gasa, daga nan ne kuwa manyan wasannin naƙasassu na duniya suka samo asali. Abebe ya koma ɗan koyo. Ya ɗauki kwari da baka yana zaune cikin keken guragu, ya yi ta horon kafaɗa da damtse kamar yadda ya hori ƙafa a Sululta. Cikin 1970 ya shiga gasar harbi da ta ƙwallon tebur a Stoke Mandeville. Cikin 1971 ya tafi Norwe, ya shiga tseren wani abin hawa marar ƙafafu da karnuka ke ja a kan ƙanƙara, ya kuwa zo na ɗaya. Cikin 1972 aka gayyace shi Olimpik na Munich, jama'a suka miƙe tsaye suna yi masa tafi.

Ya rasu a Adis Ababa ran 25 ga Oktoba 1973, jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwarsa. Shekarunsa 41. Aka binne shi a harabar majami'ar Yusufu Mai Tsarki, Sarki da dubban mutane suka halarta. Akwai filin wasa a birnin da ke ɗauke da sunansa.

Abin da ya rage mana

To, ya ku samari, ku ƙara nisan gudunku kaɗan kaɗan, gama sannu ba ta hana zuwa. Gajiyar tsoka ta kan wuce bayan kwana biyu. Amma in zafi ya tsaya wuri guda a kan ƙashi, kuna iya nuna shi da yatsa, yana kuwa ƙaruwa in kun yi gudu, ku tsaya ku tafi asibiti a duba. Kada ku ɗaure da tsumma ku ci gaba don kunyar abokai. Gara a rasa tsere ɗaya da a rasa damina ba a shiga gona ba.

Ku kuma iyaye da ke da yaron da shan inna ko hatsari ya raba da tafiya, kada ku bar shi a zaure yana kallon masu wucewa. A birnin Kano akwai samari irinsa masu buga ƙwallo da hannu, suna zaune a kan katako mai 'yan ƙafafu. Ku dubi gaɓar da ta rage masa, ku taimake shi ya hore ta. Haka Abebe ya yi cikin shekara huɗun da suka rage masa.