Alan Freed, Mai Sa Faifai da Ya Haɗa Baƙi da Farare a Amurka

An haifi Alan Freed ran 15 ga watan Disamba, 1921, a jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka, ya kuwa tashi a wani ɗan ƙaramin gari na jihar Ohio da ake kira Salem. Tun yana ɗan makaranta yake busa ƙaho, burinsa ya zama shugaban makaɗa. Allah bai nufa ba, sai ya shiga aikin rediyo, ya yi ta ƙananan tashoshi har ya iso birnin Cleveland.

A wancan zamani kiɗa ma a rarrabe yake a Amurka. Faifan mawaƙa baƙar fata sai a unguwanninsu ake jinsa, manyan tashoshi kuwa ba su cika sa shi ba. To, akwai wani mai kantin sayar da faifai a Cleveland, Leo Mintz, wanda ya lura cewa faifan nan na da kasuwa fiye da yadda ake zato. Shi ya ɗauki nauyin shirin da Freed ya fara cikin watan Yuli, 1951, a tashar WJW, can cikin dare.

Waɗanda suka ji shi a lokacin ba su manta ba. Ya laƙa wa kansa suna Moondog, yana kuka kamar kare, yana kaɗa ƙararrawa, yana dukan littafin lambobin tarho da tafin hannu don bin kiɗa, alhali sauran ma'aikatan rediyo suna magana a natse kamar masu karanta sanarwar gwamnati. Ya kira kiɗan da sunan rock and roll. Ba shi ya ƙago kalmar ba, ta daɗe a bakin mawaƙa baƙaƙe, amma shi ya yaɗa ta har ta game duniya. Yara farare suka shiga ɓoye rediyo ƙarƙashin bargo suna sauraro bayan iyaye sun yi barci.

Ran 21 ga watan Maris, 1952, ya shirya babban wasa a wani zaure mai cin mutum kamar 10,000. Jama'ar da ta zo ta ninka haka, aka ɓalle ƙofofi, hukuma ta tsai da wasan tun bai yi nisa ba. Masana da yawa suna ɗaukarsa babban taro na farko na irin wannan kiɗa.

A shekarar 1954 ya koma tashar WINS ta New York. Nan tauraronsa ya haska sosai: ya fito a finafinai, ya cika gidajen wasa da Chuck Berry da Fats Domino da ire-irensu. Ya fi son sa faifan ainihin mai waƙa baƙar fata, maimakon kwaikwayon da farare ke yi don kasuwa, kuma wannan abin a yaba masa ne. Sai dai ya jawo masa abokan gaba. A 1957 aka soke shirinsa na telebijin bayan an nuna wani yaro mawaƙi baƙar fata, Frankie Lymon, yana rawa da wata farar yarinya. A 1958 aka tuhume shi da tunzura tarzoma bayan wani wasa a Boston; daga baya aka janye tuhumar, amma ta riga ta raba shi da WINS.

Abin da ya kayar da shi, toshiya ce. Kamfanonin faifai sun saba ba masu sa faifai kuɗi don a riƙa jin kayansu, kuma Freed na karɓa. Har sunansa ya fito cikin mawallafan waƙar Maybellene ta Chuck Berry, wadda bai rubuta ba. Da bincike ya taso a 1959, tashar WABC ta nemi ya sa hannu a takarda cewa bai taɓa karɓa ba. Ya ƙi, aka sallame shi cikin watan Nuwamba. Ba shi kaɗai ke yi ba, wasu sun tsira da aikinsu, amma shi aka fi gani. A 1962 ya amsa laifi a gaban kotu, aka ci shi tarar dala 300. Tarar ba ta da yawa, sai dai manyan tashoshi sun riga sun rufe masa ƙofa. Ga hukumar haraji ta biyo shi, ga giya ta kama shi.

Ya mutu ran 20 ga watan Janairu, 1965, a Palm Springs ta jihar Kalifoniya, da ciwon hanta da na ƙoda, yana da shekara 43, hannunsa babu komai. A 1986 aka sa sunansa cikin rukunin farko na gwanayen wannan kiɗa da aka karrama, kuma tarihinsa na cikin dalilan da suka sa aka gina gidan tunawa da su a Cleveland, wanda aka buɗe a 1995. A wannan birni aka binne tokarsa a 2016.